Isnadin Alƙaluma: Lacca a kan Fa'idar Adana Rubutaccen Umarnin Kwamfuta



Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya sanar da ɗan Adam ƙidaya da hisabi, da salati ga Manzonsa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ina gaida shugaban wannan zama, da malamaina da ke sahun gaba, da ma'aikatan ofisoshin ƙididdiga da na lafiya waɗanda suka baro ayyukansu suka halarta, da kuma ɗalibai maza da mata, waɗanda galibin maganata ta yau a kansu za ta sauka.

Mas'alar da aka ɗora mini in yi bayani a kanta, in an dube ta a zahiri, ƙarama ce, domin ba ta wuce tambaya guda ba: mutumin da aikinsa shi ne nazarin alƙaluma da kwamfuta, shin ya rubuta umarnin da yake ba na'urar ya adana shi, ko kuwa ya riƙa yin aikin da hannu duk lokacin da buƙata ta taso? Amma ni a wurina, bayan na daɗe ina duban yadda alƙaluma ke fitowa daga ofisoshi da jami'o'i su shiga bakin masu mulki, har a gina hukunci a kansu, a raba kuɗi, a aika magani wani gari a hana wani, na sakankance cewa duk adadin da ba a rubuta hanyar da aka bi aka same shi ba, kuma ba a adana wannan rubutu ba, bai kai matsayin ilimi ba tukuna, labari ne kawai wanda aka ji daga bakin wani.

Bari in fara da bayyana hanyoyin biyu, saboda waɗanda ba sana'arsu ba ce. A hanya ta farko ma'aikaci zai buɗe fayil ɗinsa a manhajar jadawali irin su Excel, ya kama linzamin kwamfuta, ya share wannan layi, ya gyara wancan suna, ya kwafi wasu lambobi daga nan ya manna can, ya ja lissafi daga sama zuwa ƙasa, har ya kai ga adadin da ake nema. A hanya ta biyu kuwa zai zauna ya rubuta wa na'urar umarni jere da jere cikin ɗaya daga harsunan da aka yi domin wannan aiki, kamar R ko Python ko Stata, yana cewa: buɗe fayil kaza, mayar da suna kaza zuwa kaza, fitar da layukan da ba su da kwanan wata ka ajiye su gefe, tara sauran bisa ƙaramar hukuma, sa'an nan ka zana jadawali. Wannan rubutu shi ake ajiyewa a fayil na musamman, kuma duk ranar da aka sake kunna shi a kan bayanan nan, adadin da ya bayar jiya shi zai bayar yau, ba ƙari ba ragi.

Ku sawwala mini ma'aikaci guda a wani ofishin lafiya a Kano, wanda ake turo masa sakamakon rigakafi daga ƙananan hukumomi 44 na jihar. Fayil na farko ya rubuta Dambatta, na biyu Danbatta, na uku Ɗambatta da ɗ mai lanƙwasa. Wani ya rubuta Garun Malam, wani Garun Mallam. Ɗan Adam yana kallo ya san wuri ɗaya ne, amma na'ura, wadda ba ta san garin kowa ba, za ta lissafa su wurare dabam-dabam. Lambar wayar jami'in da ya kawo rahoto, wadda ta fara da sifili, Excel ta cinye sifilin domin ta ɗauke ta adadi ne. Kwanan watan da aka rubuta 03/04, wata kwamfutar ta karanta shi uku ga Afrilu, wata kuma huɗu ga Maris, gwargwadon yadda aka saita ta. A gurbin shekarun uwa an sa 98 ko 99, wanda a yawancin binciken gida-gida alama ce ta cewa ba a sani ba ko ba a cike ba, in kuwa aka bar shi ya shiga lissafin matsakaici, sai iyayen garin su tsufa a takarda. Mafi hatsari duka shi ne gurbin da aka bari fayau: shin asibitin nan bai yi wa yaro ko ɗaya allura ba ne, ko kuwa ya yi amma rahotonsa bai iso ba? Wanda ya cike gurbin da sifili ya yanke hukunci, wanda ya cire asibitin daga lissafi shi ma ya yanke hukunci, kuma adadin da za a kai wa kwamishina zai bambanta bisa wanda aka zaɓa. In aikin ya haura zuwa matakin tarayya, inda ƙananan hukumomi suke 774, sai wata fitinar ta ɓullo, domin akwai Nasarawa a Kano akwai Nasarawa a jihar Nasarawa, akwai Obi a Binuwai da Nasarawa, akwai Bassa a Filato da Kogi, akwai Surulere a Legas da Oyo, kuma wanda ya tara alƙaluma bisa suna kawai ba tare da jiha ba ya haɗa mutanen da ba su taɓa ganin juna ba.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan gyare-gyare ijtihadi ne, kuma ma'aikaci nagari yakan yi irinsu da yawa kafin azahar. Abin da nake so ku lura da shi shi ne makomar wannan ijtihadi. In da hannu aka yi shi, da zarar an rufe kwamfuta ya tafi, ba ya barin sawu, har shi mai aikin in aka tambaye shi bayan wata shida me ya yi da asibitocin da ba su kawo rahoto ba, sai ya yi shiru yana tunani. In kuwa a rubuce yake, to yana nan a layinsa, mai shi zai iya komawa ya gani, wanda ya gaje shi zai iya karantawa, wanda bai yarda ba zai iya nuna layin da yatsa ya ce a nan muka saɓa.

Kada wani ya zaci wannan larura ce ta ƙananan ofisoshi da ƙarancin horo. A shekarar 2010 wasu manyan malaman tattalin arziki biyu, Carmen Reinhart ta Jami'ar Maryland da Kenneth Rogoff na Jami'ar Harvard a Amurka, suka fitar da maƙala a kan alaƙar bashin gwamnati da bunƙasar arziki, inda suka duba ƙasashe 20 masu ci gaba tun daga 1946 zuwa 2009, suka ce idan bashin ƙasa ya haura kashi 90 cikin ɗari na abin da take samarwa a shekara, matsakaicin bunƙasarta yakan faɗi har ƙasa da sifili, watau ragin kashi 0.1 cikin ɗari. Maganar ta zo a daidai lokacin da Turai da Amurka ke jayayya a kan tsuke bakin aljihun gwamnati bayan rikicin kuɗi na 2008, saboda haka 'yan siyasa suka karɓe ta hannu biyu. Paul Ryan a majalisar Amurka ya kafa hujja da ita, haka ma Olli Rehn, kwamishinan tattalin arziki na Tarayyar Turai. Shekara uku adadin nan yana yawo a majalisu da jaridu. Sai a 2013 wani ɗalibi mai neman digiri na uku a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, Thomas Herndon, wanda aka ba aikin aji na ya maimaita lissafin wata sananniyar maƙala, ya yi ta ƙoƙari adadin ya ƙi fitowa, har ya roƙi marubutan su ba shi ainihin fayil ɗin da suka yi aiki da shi, su kuwa suka ba shi. Da ya buɗe sai ya tarar lissafin matsakaicin, wanda ya kamata ya kama daga layi na 30 zuwa na 49, ya tsaya a na 44, ƙasashe biyar sun zube a waje: Ostireliya, Ostiriya, Beljiyam, Kanada da Denmak. Da shi da malamansa biyu, Michael Ash da Robert Pollin, suka sake lissafin, suka gyara wannan da wasu abubuwa biyu da suka yi suka a kansu, na barin wasu shekaru a waje da na yadda aka auna nauyin kowace ƙasa, sai ragin 0.1 ya koma ƙarin 2.2.

Adalci ya wajabta in faɗi cewa kuskuren layukan nan shi kaɗai bai kawo dukan wannan bambanci ba, kuma marubutan sun amsa shi a fili, amma sun yi jayayya a kan sauran sukar, sun tsaya a kan cewa bashi mai yawa yana tafiya da raunin bunƙasa. Ba hukunta su na zo yi ba, bal ma sun cancanci yabo da suka miƙa fayil ɗinsu ga ɗalibin da ba su sani ba. Abin da ya dame ni shi ne inda kuskuren ya ɓuya. A jadawali, ido adadi yake gani, lissafin da ya haife shi kuwa yana bayan gurbin a lulluɓe, sai wanda ya danna gurbin ya duba da gangan zai gan shi. Da a rubutaccen umarni aka ce a ɗauki matsakaicin dukan ƙasashen da ke rukuni kaza, da babu hannun da zai gaza kaiwa layi na 49, kuma da an buga umarnin tare da maƙalar tun 2010, da ba a jira shekara uku ba.

Malamaina da ke nan sun riga ni sanin inda na dosa. Magabatanmu na ilimin hadisi, da suka ga maganganu sun yawaita ana jingina su ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba su wadatu da kyawun matani ba, kuma ba su wadatu da girman wanda ya faɗa ba, sai suka ce a kawo isnadi, wa ya gaya maka, shi kuma wa ya gaya masa, har a kai tushe. Sa'an nan suka bi maruwaitan ɗaya bayan ɗaya suna tantance adalcinsu da kiyayewarsu, suka rarrabe abin da silsilarsa ta sadu da abin da ta yanke. Ba ina daidaita alƙaluman duniya da hadisi a daraja ba ne, Allah ya kiyaye. Manhajin nake nufi, domin mu al'umma ce da ta gaji wannan tarbiyya ta tambayar madogara, bai kuwa dace a ce mu ne za mu karɓi adadi daga allon kwamfuta ba tare da tambayar ta ina ya biyo ba. Adadin da ke cikin rahoto shi ne matani, takardun da aka cike a ƙauye su ne tushe, rubutaccen umarni kuwa shi ne silsilar da ta haɗa su, kowane layi nasa mai ruwaya ne da za a iya tsayar da shi a yi masa tambaya. Duk inda hannu ya shiga ya yi gyaran da ba a rubuta ba, a nan silsila ta yanke, ko da mai hannun amintacce ne.

Fa'idar sauƙin aiki ba sai na tsawaita a kanta ba, kowa zai gane ta. Rahoton wata-wata da ke cin kwanaki, in an rubuta umarninsa sau ɗaya, wata mai zuwa sauya sunan fayil kawai za a yi. In shugaba ya aiko da yamma cewa a sake lissafin amma a ware mata daban, layi guda za a ƙara. In wata ƙaramar hukuma ta kawo gyararren rahoto bayan an gama komai, ba za a koma farko ana jan tsaki ba. Wannan ma ba baƙon abu ba ne gare mu: Muhammad ɗan Musa al-Khawarizmi, a littafinsa na aljabara da ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820 zamanin Halifa Ma'amun, ya ware babban kashi ga mas'alolin wasiyya da gado, yana tsara matakan warware su domin wanda ya zo baya ya bi, kuma malamin fara'ili a zaurensa har gobe ba ya ƙirƙiro hanya sabuwa ga kowane mamaci, ƙa'ida ce rubutacciya ta fitar da asalin mas'ala da ba kowa rabonsa, tumuni ko sudusi ko rubu'i, dukiya da magada ne kawai ke sauyawa.

Fa'idar da ta fi wannan nauyi a ƙasarmu ita ce ta gado. Ma'aikata ana yi musu canjin wurin aiki, 'yan hidimar ƙasa shekara guda suke yi su tafi, masu aikin kwangila da ƙungiyoyin agaji suna tashi ranar da kuɗin shirin ya ƙare, kuma sau da yawa ilimin yadda ake haɗa rahoton ofis yana cikin kan mutum ɗaya da kwamfutarsa ta hannu. Ranar da ya tafi sai ofis ya wayi gari da tarin jadawalai masu sunaye irin su na ƙarshe, na ƙarshe na biyu, na ƙarshe na gaskiya, ba mai iya cewa wanne aka kai wa hukuma bara. Wanda ya gaje shi zai fara daga tushe da nasa ijtihadin, adadin bana ya ƙi haɗuwa da na bara, a yi ta neman dalili a asibitoci da ƙauyuka alhali dalilin yana kan tebur. Ofishin da ya biya albashi aka yi aikin nan yana da haƙƙi a kan hanyar aikin kamar yadda yake da haƙƙi a kan sakamakonsa, kuma ma'aikacin da ya tafi da ita a kansa ya tafi da amanar da ba tasa ba, ko da bai yi nufin haka ba.

To amma kada a fita daga ɗakin nan da zaton cewa duk abin da aka rubuta aka adana ya zama ma'asumi. Umarnin da ke maimaita daidai sau dubu, haka zai maimaita kuskure sau dubu, cikin natsuwa, ba tare da ya yi tari ba. A ƙarshen 2006 wani masanin siffar sunadaran jiki a Cibiyar Scripps ta Kalifoniya, Geoffrey Chang, ya janye maƙaloli biyar, uku daga cikinsu a mujallar Science, bayan wasu masu bincike a Zurich ta Suwizalan sun fitar da sakamakon da ya saɓa wa nasa. Da ya bincika sai ya tarar wata 'yar manhaja da ɗakin bincikensa ya gada daga wani ɗakin tana juya masa layuka biyu na tsaye na alƙaluma, aka yi shekaru ana gini a kanta ba wanda ya buɗe ta ya karanta. Haka kuma a Ingila lokacin annobar korona, tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba 2020, sakamakon mutum 15,841 da gwaji ya nuna sun kamu bai shiga ƙidayar hukuma a kan lokaci ba, domin tsarin da ke tattara sakamakon yana zuba shi cikin tsohon samfurin fayil na Excel wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536, abin da ya haura haka sai ya zube ba tare da wata sanarwa ba, mutanen da suka yi cuɗanya da waɗannan majinyata kuwa aka makara wajen nemansu. Layi guda da zai ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita, ya tsayar da aiki in sun saɓa, da ya isa ya tona wannan tun ranar farko. Saboda haka ɗaukar umarnin wani a kunna shi ido rufe taƙalidi ne, taƙalidi kuwa a wannan fage ba shi da uzuri, tun da littafin a buɗe yake ga mai son karantawa. Sai dai ku lura, a ƙissar Chang an iya komawa an gano wurin ɓarnar daidai, an san maƙalolin da ta shafa, domin manhajar tana nan a ajiye. Kuskuren hannu da ba a rubuta ba, wa zai gano iyakarsa?

Adanawar ma tana da ladubbanta. Bayanan asali, yadda suka iso daga fili, kada a taɓa su ko da da gyaran harafi. A ajiye su gefe, duk gyara ya gudana a cikin umarni, domin a iya komawa tushe kowace rana. A yi wa umarnin sharhi a tsakanin layukansa, kamar yadda malamai ke yi wa littafi hashiya, kuma sharhin ya faɗi dalili: an cire asibiti kaza domin an rufe shi a wata kaza, bisa takardar da ta zo daga wuri kaza. Babu laifi ko kaɗan a rubuta wannan sharhi da Hausa in ita ce abokan aiki suka fi fahimta, na'ura ba ta karanta shi, mutane aka yi wa. Sunayen garuruwa da duk sigogin da ake rubuta su a tara su a jadawali guda wanda kowane umarni zai riƙa komawa gare shi, ofis ya gyara Dambatta sau ɗaya ya huta. A rubuta wane bugu na manhaja aka yi aiki da shi, domin manhajoji suna sauyawa. Game da tarihin sauye-sauye kuwa, akwai Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, yana riƙe wanda ya sauya wane layi, yaushe, da wane dalili, kuma yana aiki a kwamfutar mutum ko babu intanet, abin da ya dace da halin wutarmu da tsadar data. Sa'an nan a kiyaye sirri: sunan majinyaci, da lambar wayarsa, da kalmar sirrin shiga rumbun bayanai, ba su da wuri a cikin umarnin da za a miƙa wa wani. Hanyar aiki ake yaɗawa, al'aurar mutane suturta ta ake yi.

Wanda zai ce kayan aikin sun fi ƙarfinsa, to R, wanda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka fara a Jami'ar Auckland ta New Zealand a farkon shekarun 1990, kyauta ne, Python ma kyauta ne, Git ma haka. Wanda ya saba da manhajar SPSS kuwa, a yawancin akwatunan da yake dannawa akwai maɓallin da ke fitar masa da umarnin abin da ya zaɓa a rubuce, abin da ya rage masa shi ne ya adana. Masu gudanar da binciken lafiya da yawan jama'a na DHS, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar da irinsa a Nijeriya a 2018, sun ɗora umarnin da ake lissafa ma'aunansu da shi a shafin intanet na GitHub domin kowa ya gani, ɗalibi a Zariya ko Sakkwato ko Maraɗi zai iya saukewa ya bi shi layi-layi ya ga yadda aka fitar da adadin mace-macen yara. Wahalar gaskiya ita ce ta makonnin farko, lokacin da abin da hannu zai gama cikin sa'a guda zai ci wa mai koyo yini, na'ura tana ƙin umarninsa saboda waƙafi guda da ya manta. Wannan wahala ba na ɓoye muku ita, amma sau ɗaya ake shan ta.

Roƙona na farko ga malamai masu duba kundayen digiri ne: kada ku sa hannu a babin sakamako sai ɗalibi ya kawo umarninsa tare da bayanansa, an kunna shi a wata kwamfutar da ba tasa ba, jadawalan da ke cikin kundin sun fito kamar yadda ya rubuta. Shugabannin ofisoshi kuma ku sanya miƙa rubutaccen umarni cikin takardar miƙa aiki, daidai da makullin ofis da na mota, kuma ku ba ma'aikatanku lokacin koyo ba tare da kun ɗauke shi wasa da aiki ba. Ku kuwa ɗalibai, kada ku jira sai kun ƙware. Ku ɗauki aiki guda da kuke maimaitawa, ko da gyaran sunayen garuruwa ne, ku rubuta shi a wannan mako, ku sa masa kwanan wata da sharhi, ku ba abokin karatunku ya kunna a tasa kwamfutar ya gaya muku inda ya tsaya.

Allah ya sa mu dace, ya ba mu ikon riƙe amanar da aka damƙa mana.